Na kusa karɓar takardar ungozoma, amma hannuna bai faɗa ba

Assalamu alaikum Inna. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku ta karatun ungozoma a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, saura wata biyar mu yi jarrabawar fita. An riga an yi mini maganar aiki a wata cibiyar lafiya ta ƙauye kusa da garin kakannina, inda ni kaɗai zan zama ungozoma, asibitin gunduma kuma tafiyar awa biyu ne da rani. Damuwata ita ce a inda muke koyon aiki mun yi yawa, mace ɗaya tana naƙuda mu shida muna tsaye a kanta, da abu ya rikice kuma sai manya su ture mu gefe. Littafina na koyon aiki ya kusa cika da sa hannun manya, amma haihuwar da na karɓa da kaina daga farko har ƙarshe ba ta kai rabin abin da ke rubuce ba. Ƙawata ta ce kowa haka yake yi, in kai a cike mini sauran. Makon jiya da dare wata mai jego ta ɓalle da jini a gabana. Na san abin yi a takarda, amma na daskare, sai da babbar ungozomar ɗakin ta zo. Matar ta rayu, ni kuwa tun ranar ba na barcin kirki. In karɓi aikin ne, ko in nemi inda zan fake a bayan manya?

Ɗaliba daga Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma da maganar littafin nan zan fara, kafin mu zo kan daren da ya hana ki barci.

Kada ki kai a cike miki. Na san ƙawarki ba da mugun nufi ta faɗa ba, na kuma san ana yi. Amma sa hannun da aka yi miki a kan haihuwar da ba ki karɓa ba bashi ne, kuma wadda za ta biya shi wata baiwar Allah ce da ba ki taɓa gani ba, wadda za a kawo miki a kan babur ƙarfe biyun dare, tsakanin mijinta da uwar mijinta, sun yarda ke ce mai sani. Ki ɗauki biro yau ki ware abin da kika yi da hannunki daga abin da kika tsaya kallo: haihuwa nawa, ɗinki nawa, sau nawa kika sa allurar ƙarin ruwa a jijiya ba a kama miki ba, sau nawa kika busa wa jariri iska. Wannan lissafin na gaskiya shi za ki kai wa malamar da ke kula da koyon aikinku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malama ta gari ba za ta raina ɗalibar da ta zo da wata biyar a hannu ta ce ga inda na gaza ba, don wata biyar lokaci ne mai yawa in an san abin da ake nema a cikinsa.

Abin da za ki roƙe ta kuwa ba mai wuya ba ne. Ki ce a sa ki aikin dare da na ƙarshen mako, lokacin da ɗalibai suke watsewa, haihuwa kuwa ba ta san agogo ba. In da hali, a tura ki zangon ƙarshe na koyon aiki zuwa asibitin gunduma ko wata cibiya mai yawan haihuwa da ƙarancin ɗalibai. Babban asibiti yana nuna wa ɗaliba cututtuka iri-iri, amma ƙaramin wuri shi ke ba ta damar taɓawa. Sannan ki zaɓi ungozoma ɗaya mai hannu, ki liƙe mata. Ki riga ta zuwa, ki shirya mata kayan aiki, ki wanke bayan an gama, har ta saba da ke. In ta saba, ki faɗa mata abin da kike so kai tsaye: Anti, yau ki tsaya a bayana, hannuna a kan aiki, naki a kusa. Manyan nan da ke ture ku ba duka ne don raini ba. In abu ya lalace su za a tambaya, ga shi ba su da yawa. Sai a 2011 aka sake buɗe makarantun ungozoma a Kamaru bayan shekaru masu yawa ba a yaye kowa ba, shi ya sa har yau masu koyarwa a bakin gado ba su kai yawan masu koyo ba. Wadda ta ga kin dage, ta ga ba kya gudun wanke jini, ita da kanta za ta fara matsa miki gefe.

To, daskarewar. Ni ma ta same ni a shekarata ta farko ta aiki, a kan jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, jakar busa iska da abin rufe fuska suna kusa da hannuna amma na kasa miƙa hannun, sai wata dattijuwar ma'aikaciya ce ta kira sunana da ƙarfi na dawo hayyacina. Yaron ya rayu. Abin da na gane daga baya shi ne tsoro yana kulle abin da ke cikin kai, amma ba ya iya kulle abin da hannu ya riga ya haddace. Ke kanki ya sani, hannunki ne bai yi tilawa ba. Yadda almajiri ke maimaita allo har ya iya kawo shi cikin barci, haka ake yi wa aikin gaggawa. Ki samu ƙawaye biyu, kafin ku shiga aiki ku ɗauki minti goma, ɗaya ta kwanta ko ku yi amfani da mutum-mutumin makaranta, ɗaya ta riƙe waya tana duba lokaci, ke kuma ki yi komai da baki da hannu kamar gaske: ki ɗaga murya ki kira taimako, ki faɗi sunan magani da yawansa, ki buɗe jakar ruwa. Za ku ji kunya kwana biyun farko, daga nan ta wuce. Kuma kowace matsala ki ba ta motsi guda na farko da hannu zai yi ba tare da ya nemi izinin kai ba. A zubar jini, wannan motsin shi ne tafin hannu a kan mara, kina murza mahaifa, bakinki yana kiran mutane.

Bari in daɗe a kan jinin nan, don shi ya tsorata ki, shi ne kuma ya fi kashe masu jego a duniya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A jinin haihuwa kam ido bai san kima ba, kullum ragewa yake yi. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya gangara ƙasa, sai a ce ai kaɗan ne, alhali ya wuce rabin lita, wato mililita 500 da daga nan ake kiran sa zubar jini. Matanmu kuma da yawa sukan zo haihuwa jininsu ya riga ya yi ƙasa saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci, wadda ke haka ko bai kai rabin lita ba yana iya kayar da ita. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma cikin waɗanda suka jagorance shi akwai Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano. Abu biyu suka canza: suka shimfiɗa wa mai jego leda mai ma'auni da ke tara jinin a ga yawansa, sannan da an ga ya kai, sai a yi duka matakan magani a tare, ba a gwada ɗaya a zauna jiran sakamakonsa ba. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Babu na'ura mai tsada a ciki. In babu ledar a inda za ki, ki sa roba mai tsabta a ƙarƙashin matar, ki juye a kofin awo.

Matakan kin san su, amma ki ji su a jere yadda hannu zai bi. Tun kafin komai ya faru, kowace mace tana samun allurar oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta tsuke, yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya bayan fitowar jariri, bayan kin taɓa ciki kin tabbatar babu na biyu. In jini ya ɓalle: murza mahaifa, oksitosin a cikin ruwan ƙari ta babbar allura, tiraneksamik asid, maganin tsayar da jini, giram 1 a jijiya a hankali cikin minti goma, kuma kada a bari awa uku ta wuce bayan haihuwa, don bayan nan amfaninsa ya tafi. Ki zuƙe fitsari, mafitsara cike tana hana mahaifa tsukewa. Ki duba da fitila ko akwai yagewa, ki duba mabiyiya ko ta fito cikakkiya. In mahaifa ta ƙi tauri, dunƙulen hannu ɗaya a cikin gabanta, ɗayan a kan mara, ki matse ta tsakaninsu, kina matsewa ana neman abin hawa. Wannan matsewar da cire mabiyiya da hannu, kada ki yarda ki bar makaranta ba ki yi su a gaban mai sani ba, ko da a mutum-mutumi ne sau ashirin. Kuma awa biyun farko bayan haihuwa, duk minti 15 ki koma ki taɓa mara ki duba ƙyalle. Sau da yawa a wannan lokacin ake rasa mace, ana can ana guɗa da barka a kan jariri, ita tana kwance shiru an ɗauka gajiya ce.

Akwai abin da ba lallai a jaddada muku a aji ba, mu da muke wannan yanki kuwa dole mu sani. Oksitosin sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ke kin san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi yana haura digiri 40. Kwalbar da ta yi makonni a aljihun tebur tana iya zama ruwa kawai, ki yi allura ki ga kamar ba ki yi ba. Ki tambayi inda ake ajiye shi tun ranar farko, ki kuma tabbatar akwai misofurostol a ajiye, ƙwaya ce da ba ta buƙatar firij: maikirogiram 600 a haɗiye don rigakafi in babu oksitosin, 800 a ƙarƙashin harshe don magani.

Jijjigar masu ciki ita ce matsala ta biyu. 'Yan uwa za su ce iska ce, su nemi rubutu da hayaƙi. Kada ki tsaya musu da su a lokacin, ki ce su yi addu'arsu a gefe, ke ki kwantar da ita a gefen hagu ki ɗauko magnesiyom salfet. Ɗalibai da yawa suna tsoron maganin nan saboda lissafin haɗa shi, don haka ki haɗa shi da hannunki sau da yawa yanzu: giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu matuƙar numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa tana harbawa in an buga, fitsari yana fita. Kalsiyom gulukonet, makarinsa in ya yi yawa a jiki, ya zauna kusa da shi. Ki rubuta wannan da manyan baƙaƙe ki manna a bango, ki gwada shi da abin da ke cikin ƙa'idar ma'aikatar lafiya da aka ba ku, don cikin tashin hankali ba a dogara da tunani. Mace mai awon jini 160 bisa 110, ko mai ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ba a jiran ta faɗi. A yi mata allurar farko, sannan a ɗauke ta.

Jariri kuwa minti ɗaya gare ki. Ki goge shi da ƙarfi da busasshen zani, ki shafa bayansa, in bai yi numfashi ba ki fara busa iska, kusan sau 40 a minti, idonki a kan ƙirjinsa ko yana tashi. In bai tashi ba, yawanci zaman kan ne ko abin rufe fuskar bai kama ba. Kullum kafin mace ta haihu ki gwada jakar a tafin hannunki.

Abin da ya fi waɗannan duka wuyar koyo shi ne sanin lokacin da za ki ce wannan ba tawa ba ce. A babban asibiti ɗakin tiyata yana bayan ƙofa, shi ya sa ɗaliba ba ta jin nauyin wannan hukunci. Ke naki ɗakin tiyatar yana nesa da awa biyu da rani, da damina kuwa in mayo, wato kogi, ya cika a watan Agusta, sai yadda Allah ya yi. Saboda haka agogonki dole ya riga na 'yan birni. Ki cika takardar bin naƙuda a lokacin da abin ke faruwa, ba bayan an haihu don a cika fayil ba. Ki saurari zuciyar jariri duk rabin awa, tsakanin 110 da 160 ake so. In awoyi suna tafiya bakin mahaifa bai ƙara buɗewa ba, kai bai sauko ba, ki yanke shawara rana tana sama, masu babur ba su kwanta ba. Za a matsa miki ki yi allurar ƙara naƙuda, wata ma za ta ce a danna mata ciki. Kada ki yi ko ɗaya a kan ƙugun da ya ƙi ba da hanya. Daga nan mahaifa ke fashewa, daga doguwar naƙuda kuma yoyon fitsari ke samo asali, kin kuwa san yadda rayuwar yarinya ke komawa in ya same ta. Wasu ma tun a awon ciki za ki raba su da cibiyarki: mai tabon tiyata, mai tagwaye, wadda ɗanta ya kwanta a gicciye, mai ƙarancin jini sosai, yarinya ƙarama mai cikin fari. Ki ce su koma kusa da asibiti tun wata tara bai cika ba. Wadda ta zo da jini a ƙarshen ciki kuwa kada ki sa mata hannu a gaba don dubawa, mai yiwuwa mabiyiya ce ta tare ƙofa. Tura mace da wuri ba ya rage wa ungozoma daraja. A wannan wata biyar, duk matar da aka kawo muku daga ƙauye a galabaice, ki bi labarinta baya ki tambayi kanki: a wace awa ya kamata a ce an taso da ita?

Sai zama da mutane, wanda babu jarrabawarsa. Za ki je yarinya, wataƙila ba ki taɓa haihuwa ba, ki tarar da tsohuwar ungozoma wadda ta yanke cibiyar rabin garin. Ki fara zuwa gaishe ta har gida, ki durƙusa, ki kira ta Inna ko Dada yadda 'yan garin ke kiran ta. In kika mai da ita kishiya, mata za su ci gaba da haihuwa a ɗaka, sai abin ya ɓaci a kawo miki. In kika mai da ita uwa, ita za ta riƙa rako su da wuri, ta zauna tana riƙe musu hannu. Ki tuna da kunyar ɗan fari: yarinya tana iya kwana tana naƙuda ta cije ba ta faɗa wa kowa ba, don haka maganar ki yi ta da uwa da uwar miji tun a awo. Mazan kuma ki same su ta wajen mai gari da liman, don izinin fita da kuɗin mai a hannunsu suke. Ki goge Fulatancinki, karatu da Faransanci aka yi shi amma naƙuda da harshen uwa ake yin ta. Ki tambaya ko cibiyar tana cikin tsarin cek sante, wanda aka fara a 2015 a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa, inda mai ciki ke biyan sefa 6,000 ya ɗauke mata awo da haihuwa har da tiyata in ta kama, zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Iyali da yawa tsoron kuɗi ke sa su jinkiri, in sun san an riga an biya sai tafiya ta yi sauƙi.

Yanzu ga amsar tambayarki. Ki karɓi aikin, amma ba ido rufe ba. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2011 mata 782 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Kamaru, a 2018 adadin ya sauko ƙasa da 500, kuma nauyin abin da ya rage ya fi yawa a irin ƙauyen da ake kiran ki. In kin ƙi zuwa, ba wata gwana ce za ta maye gurbinki ba, galibi babu kowa ne. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki ce to, ki je ki ga wurin da idonki a wani hutun mako. Akwai ruwa? Akwai fitilar da za ki yi ɗinki da ita da dare? Firij yana aiki? Magungunan nan da na lissafa suna nan, kwanansu bai ƙare ba? Wa zai kama miki in kina matse mahaifa, ko da ma'aikacin jinya ne ko mai shara da za ki koya wa riƙe jakar ruwa? Wane abin hawa ne ke fita da dare, wa ke da lambarsa? Ki roƙi shugaban lafiya na gundumar ya bar ki ki yi makonni a ɗakin haihuwar asibitin gunduma kafin ki tare, ki san fuskar likitan da za ki riƙa tura wa mata, shi ma ya san muryarki a waya. In aka ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kuma ba za a samar ba, kina da hujjar cewa a dakata, kuma ki faɗe ta a rubuce.

Maganar barci kuma, kada ki bar daren nan ya zauna a ƙirjinki ke kaɗai. Gobe in kin shiga aiki ki nemi babbar ungozomar da ta zo ta karɓe ki, ki gaishe ta, ki ce: Anti, ina so ki bi da ni abin da kika yi a daren nan ɗaya bayan ɗaya, me kika fara gani, me kika fara taɓawa. Ki roƙe ta kuma in an sake samun irinsa kina nan, ta tsaya a bayanki ta bar hannunki ya fara. Ki karɓi lambarta tun yanzu, ki tambaye ta ko za ta yarda ki kira ta daga ƙauye ko da tsakar dare ne. Allah ya sa albarka a hannunki, 'yata, ya sauki matan da za su zo gare ki lafiya.